Makonni uku ina fama da JDK a kwamfutoci takwas

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Yau Alhaji mai cibiyar koyon kwamfutar da nake koyarwa ya tsayar da rana: ajin Java, harshen rubuta manhaja, zai fara Litinin 3 ga Fabrairu. Ɗalibai goma sha huɗu suka yi rajista, kwamfutocin ɗakin kuwa takwas ne, don haka yawancinsu biyu-biyu za su riƙa zama. Na buɗe wannan littafi saboda na san halina. Sai in gyara abu yau, bayan wata biyu a tambaye ni yadda na yi, in tsaya ina sosa ƙeya.

A baki aikin ba shi da yawa. A saka JDK, wato kayan aikin haɗa manhajar Java da gudanar da ita, a kowace kwamfuta, a tabbatar umarni biyu suna amsawa, `javac` da `java`. Na farkon tafinta ne: shi ke karɓar abin da ɗalibi ya rubuta a fayil mai ƙarewa da .java, ya mayar da shi fayil ɗin .class. Na biyun shi ke tayar da injin Java, wato JVM, ya karanta wancan .class ɗin ya aiwatar.

Da na faɗa wa Alhaji zan buƙaci data, sai ya ce, "Malam, ai na ga akwai Java a ɗaya daga cikinsu, ka kwafa mana." Na ce, ranka ya daɗe, wancan JRE ne, mai gudanar da abin da aka riga aka haɗa. Kwanon cin tuwo ne kawai. Mu tukunya da muciya muke nema, don yaran tuƙawa za su koya. Ya yi dariya, ya turo mini kuɗin data.

Na share ƙura, na kunna su duka, na manna wa kowace lamba daga 1 zuwa 8. Duk Windows 10 ne. Shida na da ram gigabait 4, lamba 7 da 8 gigabait 2. Agogon lamba 3 ya koma shekarun baya, shi ya sa duk shafin da aka buɗe a kanta sai ta yi ƙorafin takardar tsaro. Ƙaramin batirin nan ne mai kama da kwabo, CR2032, ya mutu. Gobe zan sayo a Sabon Gari.

Wace Java? Tun 2017 ake fitar da sabuwa duk wata shida, a Maris da Satumba, a wannan Janairu na 2025 ana kan 23. Amma ba kowace ake daɗewa ana yi mata gyara ba. Masu dogon tallafi su ne 8 ta 2014, da 11 ta 2018, da 17 ta 2021, da 21 ta 2023. Na zaɓi 21, don ita ce ta baya-bayan nan a cikinsu.

Talata, 14 ga Janairu

Mai neman JDK a karon farko ruɗewa yake, don sunaye sun yi yawa: Oracle, Temurin, Corretto na Amazon, Zulu na Azul, ga na Microsoft. Duk 'ya'yan uwa ɗaya ne, OpenJDK, kowa ya harhaɗa nasa ya sa masa suna. Java ta fito ne daga kamfanin Sun a 1995, Oracle ya saye Sun a 2010, kuma sharuɗɗan amfani da nasa JDK ɗin sun canza fiye da sau ɗaya tun 2019. Ni ba lauya ba ne, cibiyar nan kuma kuɗi take karɓa, don haka na ɗauki Temurin na Eclipse Adoptium, wanda a da ake kira AdoptOpenJDK. Kyauta ne, ba a neman ka buɗe asusu kafin ka sauke.

Na sauke 21.0.5, nau'in .msi, ta wayata. Bai kai megabait 200 ba, amma sau biyu yana katsewa. Saboda haka ban yarda da shi ba sai da na auna:

`certutil -hashfile sunan_fayil SHA256`

Doguwar lambar da ta fito na gwada ta da wadda ke shafin saukewa, suka yi daidai. Wanda yake sauke abu a netwok mai ɗaukewa, kada ya raina wannan mataki. Minti ɗaya ne, ya fi ka raba gurgun fayil a kwamfutoci takwas.

A laftof ɗina komai ya tafi sumul. Abu ɗaya na lura: wurin zaɓe-zaɓe, zaɓin saita JAVA_HOME a kashe yake zuwa, sai ka kunna da kanka. Na buɗe baƙar tagar nan ta umarni, `java -version` da `javac -version` duk suka ce 21.0.5. Na rubuta Sannu.java, ta ce mini sannu. Na tafi gida ina ganin jibi na gama.

Alhamis, 16 ga Janairu

Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Kwamfutocin ajin a asusun ɗalibai suke buɗewa, wanda ba shi da ikon saka manhaja. Kalmar sirrin babban asusu tana hannun Alhaji, shi kuma ya tafi Funtuwa gaisuwar rasuwa. Ba zan kira mutum yana zaman makoki in tambaye shi kalmar sirri ba.

Akwai wata hanya. JDK ba ya buƙatar a girka shi kamar sauran manhajoji. Folda ce kawai, in ka nuna wa kwamfuta inda take, shi ke nan. Sai na sake sauke shi a nau'in .zip, don in warware a cikin foldar ɗalibi. Data ta sake tafiya.

Sai kuma filashi. Na soka a lamba 2, na zare, na soka a lamba 4, sai na ga duk foldoji sun koma gajerun hanyoyi masu 'yar kibiya. Bairos ɗin nan ne da duk mai shagon buga takardu ya sani. Fayilolin suna nan, ɓoye su ya yi. `attrib -h -s -r /s /d E:\*.*` ya dawo da su, amma yammacin gaba ɗaya a wankin lamba 2 ya ƙare. Daga yau ba wanda zai soka filashinsa a ajin nan sai ta hannuna.

Juma'a, 17 ga Janairu

Bayan an sauko daga masallaci na zauna a kan PATH, kuma yau ce ranar da na fi ƙaruwa.

In ka rubuta `javac` a tagar umarni, Windows ba ya bincika kwamfutar gaba ɗaya. Yana duba foldar da kake ciki, sannan ya bi wani jerin foldoji ɗaya bayan ɗaya, na farkon da ya samu shi zai ɗauka, ba ya waiwayen sauran. Jerin nan shi ne PATH. Idan bai samu ba sai ya ce:

`'javac' is not recognized as an internal or external command`

Wannan ba ya nufin JDK ya lalace. Ba a yi masa kwatancen gidan ba ne. JAVA_HOME kuma wani abu ne daban: ita kanta Java ba ta damu da shi ba, manhajoji irin su Maven da Gradle ne ke tambayarsa don su san wane JDK za su ɗauka. JAVA_HOME yana nuna uwar foldar, PATH yana nuna `bin` da ke cikinta. Na taɓa sa `bin` a ƙarshen JAVA_HOME shekarun baya, na kwana biyu ina neman laifin.

Ba tare da babban asusu ba, wannan ke buɗe wurin gyaran:

`rundll32 sysdm.cpl,EditEnvironmentVariables`

Na gyara lamba 1, na gwada, ta ce ba ta san javac ba. Na sake dubawa, komai daidai. Ashe tsohuwar tagar nake amfani da ita. Taga tana ɗaukar PATH ne lokacin da aka buɗe ta, duk abin da aka canza daga baya ba ruwanta. Na rufe, na buɗe sabuwa, ta amsa. Lamba 2, 3, 4 da 6 suka bi sahu.

Lamba 5 ce ta tsaya mini a wuya. `javac Sannu.java` ya wuce lafiya. `java Sannu` kuma sai ga dogon ƙorafi, UnsupportedClassVersionError, wai fayil ɗin na 65.0 ne, ita kuwa iyakar abin da ta sani 52.0. Lambobin nan suna da ma'ana: 52 Java 8 ce, 55 ita ce 11, 61 ita ce 17, 65 kuma 21. Wato tafintan sabo ne, mai karatun tsoho. `javac -version` ya ce 21.0.5, `java -version` ya ce 1.8.0.

`where java` ya tona asiri. Layi biyu ya kawo, na sama shi ne `C:\ProgramData\Oracle\Java\javapath\java.exe`, nawa yana ƙasa. Wannan ita ce Javar da Alhaji ya gani. A foldar nan akwai java amma babu javac, shi ya sa ɗaya ya fito daga tsohon gida, ɗaya daga sabo. Kuma PATH iri biyu ne, na kwamfutar gaba ɗaya da na mai asusu. Windows yana jera na kwamfutar a gaba, na mai asusu a baya. Ko na kai nawa saman jerin ɗalibi, ba zai taɓa shan gaban wancan ba. Laifina ne da ban duba abin da ke ciki ba kafin in zuba sabo. Gyaran wannan sai ranar da Alhaji ya dawo.

Asabar, 18 ga Janairu

Garin neman gira na kusa rasa ido. Na so in haɗa ɗan fayil ɗin .bat da zai yi saitin da kansa, sai na gwada a laftof ɗina:

`setx PATH "%PATH%;C:\jdk\bin"`

Ya amsa, amma da gargaɗi cewa ya yanke abin zuwa haruffa 1024. Illa biyu ke nan a layi ɗaya. `%PATH%` ya ƙunshi na kwamfuta da nawa a haɗe, sai ya juye su duka cikin nawa. Sannan da jerin ya yi tsawo, ya sare wutsiyar, inda Python da wasu kayan aikina suke.

Abin da ya cece ni shi ne abin da ya wahalar da ni jiya: tagar da na yi ɓarnar a cikinta tana riƙe da tsohon PATH. `echo %PATH%`, na kwafe, na mayar da kowane layi da hannu. Da na rufe ta, da sai tunani.

`setx` ya dace da JAVA_HOME, don gajere ne. PATH kuwa da hannu zan riƙa yi. Kwamfuta takwas ba ɗari takwas ba ce.

Talata, 21 ga Janairu

Na bar lamba 7 da 8 a ƙarshe saboda nauyinsu. Na warware zip, na saita, na rubuta `java -version`, sai ta ce wannan fayil bai dace da nau'in Windows ɗin da ke kanta ba. Na leƙa bayanin kwamfutar: Windows mai bit 32 ne a kan injin da zai iya ɗaukar 64. Duka biyun haka. Ranar farko ram na duba, ban duba wannan ba.

Temurin 21 ba shi da na Windows mai bit 32. A Java 21 ɗin ma aka ayyana cewa za a daina tallafa wa wannan nau'i. Na ƙarshe mai dogon tallafi da suke da shi na 32 shi ne 17.

Hanyoyi uku na gani. Ko in sauke Windows ɗin kwamfutocin biyu in ɗora mai 64, a kan ram gigabait 2, ga fayilolin 'yan ajin koyon buga rubutu a ciki. Ko in sa 21 a shida, 17 a biyu. Ko kowa ya koma 17.

Ta tsakiyar ce ta fi sauƙi a yau, kuma ita ce za ta fi ci mini tuwo a ƙwarya nan gaba. Ɗalibi zai yi aiki a lamba 4, gobe ya makara ya samu lamba 8, ya buɗe .class ɗinsa, ƙorafin ranar Juma'a ya dawo, 65 da 61. Wanda bai gama gane `if` ba, ba zan sa shi koyon lambobin fayil ba. Zai ɗauka shi ne bai iya ba, kuma irin wannan ne ke sa yaro ya daina zuwa a mako na biyu.

Me za mu rasa in mun koma 17? Na zauna na lissafa. `var` tana nan tun 10. Sabon salon `switch` tun 14, rubutu mai layi da yawa tun 15, `record` tun 16. JShell tun 9, gudanar da fayil kai tsaye da `java Sannu.java` tun 11. Manyan abubuwan 21, irin zaren aiki marasa nauyi da ake yi wa sabobi, ba wanda zai taɓa su a wata uku. Abu ɗaya ya ja hankalina: a 21 ana iya rubuta `void main()` kawai, ba sai an haddace dogon layin nan na `public static` ba. Amma a 21 ɗin na gwaji ne, sai an kunna shi da `--enable-preview`, kuma duk littafin da ɗalibi zai buɗe tsohon salon zai gani.

Kowa 17. Na sauke 17.0.13 guda biyu, na 64 da na 32. Laftof ɗina zai ci gaba da zama a 21, in zan ba su .class sai in haɗa da `javac --release 17`.

Laraba, 22 ga Janairu

Babu wuta tun asuba, babu mai a janareta. Na zauna na rubuta darasin makon farko a takarda, na dawo gida.

Juma'a, 24 ga Janairu

Alhaji ya dawo. Na yi masa gaisuwa, ya rubuta mini kalmar sirrin a bayan rasit, ya ce in yaga in na haddace.

Tsarin da na tsayar, iri ɗaya a kowace:

Folda `C:\jdk17`. Da gangan na cire dogon sunan da zip ke zuwa da shi, `jdk-17.0.13+11`, saboda duk wata uku ake fitar da gyara, a Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba. In lambar tana cikin sunan folda, duk sabuntawa sai an sake taɓa saiti. Yanzu kuwa juye kayan ciki kawai za a yi. A kula, zip ɗin folda ce a cikin folda; `bin` ya zama kai tsaye a ƙarƙashin `C:\jdk17`.

JAVA_HOME da `%JAVA_HOME%\bin` duk a sashen kwamfutar gaba ɗaya, na biyun a saman jeri. Kada a raba su. In JAVA_HOME yana sashen mai asusu, PATH na kwamfuta ba zai gane shi ba.

Na goge saitin da na yi a asusun ɗalibai makon jiya. A lamba 5 na tambayi Alhaji ko akwai abin da ke amfani da tsohuwar Java, ya ce wata manhajar jarrabawar gwaji ce da aka daina tun bara. Na cire ta. `where java` yanzu layi ɗaya yake kawowa a duka takwas.

Litinin, 27 ga Janairu

Wannan ban sa shi a lissafi ba, kuma shi ya fi ɗaukar hankalina.

Na ƙudurta misalan ajin da Hausa za su kasance. Yaro ya ga kwamfuta ta yi masa magana da harshensa, abin ya fi shiga. Sai na rubuta:

`System.out.println("Ƙanena ɗan Zariya ne");`

A laftof ɗina, mai 21, sai ga alamar tambaya a gurbin Ƙ da ɗ. `chcp` ya nuna 437, tsohon jadawalin haruffa tun zamanin DOS, wanda bai san da zaman haruffanmu masu lanƙwasa ba. Java ta ga tagar ba za ta iya nuna su ba, ta sa alamar tambaya. `chcp 65001` ya mayar da tagar UTF-8, jadawalin da ya san haruffanmu, na sake gwadawa, ga Ƙ ga ɗ tsaf.

Na kai fayil ɗin lamba 1, mai 17, na yi `chcp 65001` tun farko. Abin da ya fito ya fi na ɗazu muni: kowane harafi ɗaya ya zama biyu. Na gwada ƙaramin ƙ, ya fito Æ™. Na gwada ɗ, ya fito É da wani dogon layi.

Sai da na ɗauko biro. A UTF-8, ƙ bait biyu ne, C6 da 99. Tun Java 18 aka mayar da UTF-8 abin da ake ɗauka kai tsaye, amma javac na 17 yana bin jadawalin Windows ɗin da ya tarar, wanda a nan windows-1252 ne, inda kowane bait harafi guda ne. C6 a can Æ ne, 99 kuma ™. Ɓarnar tun wurin tafinta ta faru, tagar ba ta da laifi a wannan karon. Ashe akwai abin da muka rasa da muka sauko 17, kuma bai shigo lissafina na ranar Talata ba, don duk abin da na karanta masu rubutu da Turanci ne suka rubuta, su kuwa ba su da ƙ.

Babban Ɓ ya fi kowa tsaurin kai. Na rubuta "Ɓarawo ya gudu", javac ya ƙi ma fassarawa:

`unmappable character (0x81) for encoding windows-1252`

Ɓ shi ne C6 81, kuma 81 ba shi da harafi ko ɗaya a wancan jadawali. Ni dai na fi son wannan. Gara wanda ya tsaya ya ce bai gane ba, da wanda zai gyaɗa kai ya je ya isar da saƙo a karkace.

Maganin gajere ne: `javac -encoding UTF-8 Sannu.java`. Amma ba na so su riƙa rubuta wannan kullum, wani zai manta. Akwai JDK_JAVAC_OPTIONS, wanda javac ke karantawa tun Java 9. Na saita shi `-encoding UTF-8` a duka takwas. Sannan na yi gajeriyar hanya a fuskar kowace kwamfuta, na sa mata suna "Java", tana buɗe `cmd /k chcp 65001` a cikin `C:\aiki`. A lamba 7 haruffan sun fito kamar ƙananan akwatuna, sai da na canza salon rubutun tagar.

Na gwada duka: ɓ, ɗ, ƙ, manya da ƙanana, har da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa inda mu muke sa 'y, tunda akwai ɗaliba ɗaya 'yar Maraɗi a cikin masu rajista. Duk sun fito. Na kuma ƙara madannan Hausa da ke cikin Windows. In ta ƙi, `\u0199` a cikin rubutun Java yana ba da ƙ, `\u0257` ɗ, `\u0253` ɓ.

Abin tunawa idan mun kai darasin fayil: a 17, `FileWriter` da ba a gaya masa jadawali ba zai mayar da ƙ alamar tambaya. `Files.writeString` UTF-8 yake amfani da shi. Shi zan koyar.

Zan gaya wa ɗaliban dalilin duk wannan, amma ba a makon farko ba. Ranar da suka je gida suka saka JDK a tasu kwamfutar, ƙ ta watse, za su dawo da tambaya, lokacin bayanin zai zauna.

Laraba, 29 ga Janairu

Da me za su rubuta? IntelliJ da Eclipse na yanzu bit 64 suke so, VS Code ma ya daina fitar da na 32 tun 2023. Ko ba don haka ba, gigabait 2 ba zai ɗauke su ba. Notepad++ na sa, yana da na 32 da na 64, yana buɗewa nan take, yana rina kalmomi da launi.

Gaskiya ko da kwamfutocin sababbi ne, haka zan fara. Na ga waɗanda suka shekara suna danna koren maɓalli, in ka ce su nuna maka inda .class yake sai su kalle ka. Wata guda suna rubuta `javac` da hannunsu, sannan a ba su babbar manhaja.

Ƙananan gyare-gyare biyu. Na sa Windows ya riƙa nuna wutsiyar sunan fayil, don kada wani ya ajiye Sannu.java.txt ya rantse Sannu.java ne. Na kuma tabbatar Notepad++ yana kan UTF-8 zalla, ba mai BOM ba, don wancan yana liƙa wani ɓoyayyen harafi a farkon fayil, javac ya ce `illegal character: '\ufeff'` a layin da ido bai ga komai ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na ɗauko ƙanena da ke aji biyar a sakandare, wanda bai taɓa ganin Java ba, na ba shi takardar darasin farko, na koma gefe na kame bakina.

Ya sa wa fayil suna sannu.java, ajin Java da ke ciki, wato `class`, kuma `Sannu`. javac ya ƙi, don babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wurinsa. Ya gyara. Sai ya rubuta `java Sannu.class`, aka ce ba a samu ajin ba. Ya juyo, "Yaya, ga shi fa ina ganinsa a foldar." Da gaskiyarsa. `javac` sunan fayil yake so, `java` sunan aji, takardata kuma ba ta faɗa ba. Na ƙara layi biyu da manyan baƙi.

Ya zaga duka takwas da fayil ɗaya. Lamba 8 tana jan ƙafa kafin javac ya gama, amma tana gamawa. Na ajiye zip biyun, da Notepad++, da kwafin wannan littafi a filashi daban, na sa a durowar Alhaji.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Sha biyu suka zo cikin sha huɗu. Aka ɗauke wuta ƙarfe goma da kwata, aka tayar da janareta, lamba 3 ta dawo da agogonta daidai.

Kafin azahar kowa ya sa kwamfuta ta rubuta sunansa da garinsu. Ɗalibar Maraɗi ta rubuta sunan garin da ɗ ɗinsa, ya fito. Wani a lamba 6 ya buɗe tagar umarni ta hanyar da ya saba, ba ta gajeriyar hanyar da na yi ba, ya ɗaga hannu: "Malam, tawa alamar tambaya take yi." Bayanin da na ce sai nan gaba, rabinsa ya fita yau.

Saura: linzamin lamba 4 yana maƙalewa. Gyaran Janairu, 17.0.14, ya fito, zan juye shi ranar Asabar in an samu data. Biyu daga cikin ɗaliban sun ce za su zo da laftof ɗinsu ranar Laraba, ɗaya wai Ubuntu ce a kai.